Masu Goyon Gidansu Wata Shida

A arewacin jihar Jojiya ta Amurka, a wata mashiga tsakanin duwatsu da ake kira Neels Gap, akwai wani tsohon ginin dutse da shago a cikinsa. A gabansa akwai wata bishiya da ta yi 'ya'yan takalma: tsofaffin takalman hawan dutse ne birjik ke reto a rassanta, an ƙulle igiyoyinsu an cilla sama. Hanyar ƙafar nan da ake kira Appalachian Trail ta ratsa ta wani zaure na ginin, kuma matafiyi yakan iso wurin ne bayan ya ci kamar kilomita 50 daga Dutsen Springer, inda hanyar ta faro. Kwana uku ke nan ko huɗu. Abin da ya rage masa ya kusa kilomita 3,500, ta cikin jihohi 14, har Dutsen Katahdin a jihar Maine.

A shagon nan ana yi wa matafiya wata hidima da ba kowa ke jin daɗinta ba. Sai a ce mutum ya zazzage jakarsa a ƙasa, wani wanda ya san hanyar ya tsuguna ya riƙa ɗaga kayan ɗaya bayan ɗaya yana tambayar yaushe rabon da a yi amfani da su. Nan za ka ga adda, da ɗan gatari, da kaskon ƙarfe, da wandon jins, da riguna biyar, da littafi mai kauri, da tocila biyu don gudun kada ɗaya ta mutu. Kwana uku da suka wuce, mai kayan zai iya rantsuwa cewa babu abin da zai iya bari a cikinsu. Yanzu kafaɗarsa ta kumbura, gwiwarsa tana ƙara, tafin ƙafarsa ya yi bororo. Jiki magayi. A tara rabin kayan a kwali, a rubuta adireshin gida, a miƙa wa gidan waya.

Fataken da suka riƙa zuwa Gwanja sayen goro suna da jakuna da 'yan dako. A wannan tafiya kuwa mutum shi ne madugu, shi ne jakin. Ɗakin kwanansa, da shimfiɗarsa, da madafarsa, da tufafinsa na zafi da na sanyi, da ruwan shansa, duk a bayansa suke tsawon wata biyar zuwa bakwai. Ƙungiyar da ke kula da hanyar ta ƙiyasta cewa tafiyar takan ci taku kusan miliyan 5, kuma hawa da gangarar da ke cikinta sun yi daidai da hawan Dutsen Everest sau 16. Cikin duk mutum huɗu da suka tashi da niyyar kai ƙarshe, kusan ɗaya ne ke kaiwa. Duk abin da mutum ya jefa a jaka, komai ƙanƙantarsa, sau miliyan 5 zai ɗaga shi. Daga wannan lissafi ne gwanintar rage kaya ta fito, kuma ni a ganina tana cikin gwanintar da ta fi wuyar koyo, don kuwa ba ta da wani abin nunawa. Gwani a nan shi ne wanda jakarsa ta fi ta kowa zama kamar ba komai a ciki.

Wadda har yau ake ba da labarinta a wannan fage wata tsohuwa ce daga jihar Ohio, Emma Gatewood, uwar 'ya'ya 11. A 1955, tana da shekara 67, ta taka hanyar daga farko har ƙarshe ita kaɗai, cikin kwana 146, ta zama mace ta farko da ta yi haka a tafiya ɗaya ba tare da abokin tafiya ba. Ba ta da tanti, ba ta da jakar goyo. Wani buhu ta ɗinka da yadin jins ta rataya a kafaɗa ɗaya, a ciki akwai bargon soja, da rigar ruwa, da labulen roba na banɗaki wanda take kafawa idan hadari ya taso. A ƙafarta takalmin kambas ne na Keds, irin na 'yan makaranta. Guzurinta gyaɗa da zabibi da dunƙulen miya da naman gwangwani, sauran kuma ta tsinka a daji, don ta tashi a gona, ta san ganyen da ake ci da wanda ba a ci. Daren da sanyi ya tsananta sai ta gasa duwatsu a wuta ta kwanta a kansu.

Mutane sukan ba da labarin nan kamar abin dariya, wai ga tsohuwa da labulen banɗaki. Abin da suke mantawa shi ne shekara guda kafin nan, a 1954, ta gwada daga can arewa, ta ɓace a dajin Maine, tabaraunta ya fashe, aka ce ta koma gida. Buhun 1955 ba na wauta ba ne. Kayan da ta bari, ta bar su ne don ta san abin da za ta yi a madadinsu. Ta kuma sake taka hanyar gaba ɗaya a 1957.

Wanda ya mayar da abin ilimi mai tsari shi ne Ray Jardine, injiniyan da ya taɓa aiki a fannin sararin samaniya, ya kuma yi suna a hawan dutse. Shi da matarsa Jenny sun taka ɗaya doguwar hanyar, Pacific Crest Trail, mai tsawon kilomita kusan 4,265 daga iyakar Meziko zuwa ta Kanada, har sau uku: a 1987 da 1991 da 1994. Tafiyar farko ta ci su fiye da wata huɗu. Ta uku wata uku da 'yan kwanaki, alhali shekarunsu sun ƙaru ne, ba su ragu ba. Bambancin yana cikin jaka. Jardine ya zauna da keken ɗinki yana ɗinka kayansa da kansa, yana tuhumar kowane zif da kowane maɗauri, har nauyin kayansa, ban da abinci da ruwa, ya sauko ƙasa da kilo huɗu da rabi. Littafin da ya fitar a 1992 don masu bin wannan hanya ya jawo masa suka daga masu ganin zai kashe mutane da sanyi, amma yau da wuya ka sami mai doguwar tafiya a Amurka da ba ya bin wani abu daga cikin dabarunsa.

Abin da ake fara saya ba jaka ba ne, sikeli ne, irin ƙaramin nan na kicin mai auna giram. A auna komai, har safa da murfin tukunya, a rubuta. Lissafin da ake yi shi ne na kayan da ba sa ƙarewa, wato a cire abinci da ruwa da man girki, tunda su kullum raguwa suke yi su ƙaru. Wanda nasa ya gaza kilo 9 ana cewa ya sassauta. Wanda ya sauko ƙasa da kilo huɗu da rabi ya shiga sahun gwanaye. Sabon shiga yakan fara da yanke ƙotar buroshin goge baki, ya ji ya yi abin kirki, alhali giram kaɗan ya rage. Gwani ya san nauyin yana wurare uku: abin da za a fake a ciki, abin da za a kwanta da shi, da ita kanta jakar.

A ɗauki wurin kwana. Tantin da aka saba, mai rufi biyu da sandunan ƙarfe, yana iya haura kilo 2. Jardine ya ce a ɗauki ɗan tamfol mara nauyi kawai, a kafa shi da igiya tsakanin bishiyoyi; wasu kuma a kan sandunan dogarawa da suke riƙe da su dama suke kafa shi. Nauyi ya koma 'yan ɗaruruwan giram. Amma tamfol ba shi da bango. Mai tanti zai iya yada zango inda ya ga dama, kayansa su rufa masa asiri. Mai tamfol dole ya karanci ƙasa. Ba ya kwana a kwari kusa da rafi, komai kyan wurin, don iska mai sanyi gangarawa take yi da dare ta taru a can, ga raɓa ga sauro. Yakan ɗan hau gangare, ya nemi ƙarƙashin bishiyoyi inda busasshen ganye ya yi laushi, ya duba inda ruwa zai bi idan an yi sama, ya ɗaga kai ya tabbatar babu mataccen reshe a samansa, ya juya wa iska gefen tamfol da ya fi kusa da ƙasa. Kilo ɗaya da rabin da ya bari a gida, kullum da yamma sai ya biya shi da wannan dube-dube.

Shimfiɗa ma haka. Buhun barci, wanda ake shiga a zuge, ana cusa shi da lallausan gashin dinya ko na agwagwa, kuma ɗuminsa yana zuwa ne daga iskar da gashin ke riƙewa idan ya tashi. To wanda mutum ya danne da bayansa fa? Ya lotse, ba ya riƙe komai. Sai Jardine ya ce a yanke wannan ɓangaren a yar, a bar bargon rufa kawai. Abin da ke raba mutum da sanyin ƙasa ita ce 'yar katifar soso, kuma ita ma wasu sukan yanke ta daidai kafaɗa zuwa ƙugu, su shimfiɗa jakar da ta zama wayam a ƙarƙashin ƙafafu. Gashin dinya yana da aibi ɗaya: in ya jiƙe ya tashi daga aiki. Shi ya sa za ka ga mutumin da ya sayi bargo mai tsadar gaske ya cusa shi a cikin baƙar ledar shara mai kauri kafin ya sa a jaka. Ledar ta fi rigar jakar da ake sayarwa tare ruwa, ga ta kusan kyauta.

Jaka ita ake saya a ƙarshe, kuma nan ne sababbi ke yin kuskure, don ita suke fara ɗaukowa. Babbar jaka mai ƙarfe a ciki da faffaɗan ɗamarar ƙugu tana iya kai kilo 2 ko fiye tun ba a sa mata komai ba, kuma duk inda ta bar fili sai mai ita ya nemi abin cikawa. In kaya sun ragu, jakar da ba ta kai kilo ɗaya ba ta wadatar. In kuwa aka zuba kilo 18 a irin wannan 'yar jaka, to kafaɗa ce za ta ji a jikinta.

Batun takalmi ya fi ba ni sha'awa, don shi ne inda aka daɗe ana gardama. Shekara da shekaru ana ɗauka cewa dutse sai da babban takalmin fata mai rufe idon sawu. Wani binciken sojojin Amurka a shekarun 1980 ya nuna cewa nauyin da ke ƙafa yana cin ƙarfin mutum kamar ninki biyar na irinsa a baya, saboda ƙafa ɗagawa ake yi a jefa gaba a kowane taku. Yanzu akasarin masu doguwar tafiya takalmin gudu suke sawa. Ba ya hana ruwa shiga, amma ba ya hana shi fita, sai ya bushe a ƙafa ana cikin tafiya, alhali takalmin fata in ya sha ruwa yana iya kwana biyu a jiƙe. Kowane takalmi yakan yi kamar kilomita 800 kafin ya mutu, don haka tafiya guda tana cin huɗu ko biyar. Gwani ba ya sayen su duka tun a gida, don ya san ƙafarsa za ta buɗe bayan wata guda, lambar da yake sawa ta yi masa kaɗan.

Tufafi kuwa ba su da yawan magana. Na tafiya ɗaya, na barci ɗaya wanda ba a yarda ya jiƙe ko da me, rigar ɗumi, rigar ruwa, safa biyu ko uku. Auduga ba ta shiga jaka, don tana shan gumi ta riƙe, in iska ta buso ta zuƙe ɗumin jiki. Sai ulu ko yadin roba. Wari kuwa, kowa na yi, ba mai yi wa wani gori.

Inda idon gwani ke burge ni shi ne wajen sa abu ɗaya ya yi aiki uku. Sandar dogarawa ita ce ginshiƙin ɗaki da dare, a jikinta kuma aka naɗe salatif ɗin liƙe yagewa da na rufe bororo. Zaren sakace shi ne zaren ɗinki. Tukunya ita ce kwano, ita ce kofi. Rigar ɗumi in an cusa ta a 'yar jakar tufafi ta zama matashi. Jardine har lema yake ɗauka, abin da aka yi ta yi masa dariya a kai, sai ga shi a hamadar kudancin Kalifoniya lemar ta zama inuwar da ke tafiya da mutum, ta rage masa gumi, ta rage ruwan da zai sha, wato ta rage nauyin da ya fi nata. Risho ma wasu da gwangwanin lemo suke yin sa, su huda shi su zuba sifirit, ko da yake a lokutan da ake fargabar gobarar daji hukumomi sukan hana irinsa. Wasu sun sallama girkin gaba ɗaya: su zuba busasshen abinci a robar da ke da murfi, su ƙara ruwan sanyi, su ci gaba da tafiya, bayan awa guda ya jiƙa. Wannan kam ban ce yana da daɗi ba.

Duk wannan ƙoƙari a kan kilo huɗu ko biyar ne, alhali nauyin gaske yana cikin abin da ake ci da sha. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce, babu kamfanin da zai iya rage ta. Wanda bai san hanya ba yakan cika lita huɗu don tsoro, ya yi ta wuce ƙoramu yana goye da ruwa. Wanda ya sani yakan duba taswira ya ga akwai maɓuɓɓuga bayan kilomita 8, ya sha ya ƙoshi a nan, ya ɗauki lita ɗaya. Gorarsa ma ba ta musamman ba ce, robar ruwan kanti ce, a bakinta ya ɗaura ɗan mataci da bai kai giram 100 ba, mai tare ƙwayoyin da ke sa gudawa. Matacin nan in ruwan cikinsa ya daskare ya lalace, ba kuma za a gane da ido ba, shi ya sa a daren sanyi ake kwana da shi a cikin bargo. A wuraren da ruwa ke nisa kuwa, kamar wasu sassan hamadar Kalifoniya, mutumin nan da ke ƙyashin giram goma zai goya lita biyar ko shida bai ce uffan ba.

Abinci ana auna shi ne da ƙarfin da ke cikin kowane giram. Mai tafiyar yini cur a kan duwatsu yana iya ƙona kalori 4,000 ko fiye, kuma abin da zai iya ɗauka bai cika wuce kilo ɗaya a rana ba. Giram ɗaya na mai yana ba da kalori 9, na sitaci ko sukari 4 kacal. Don haka jakar abincinsa cike take da gyaɗa da markaɗaɗɗiyar gyaɗa, da cuku, da busasshen nama, da 'yar robar man zaitun da yake tsiyayawa a kan komai. Duk abin da ke da ruwa a ciki an bar shi, don ruwa yana rafi. Ba kuma a ɗaukar guzurin wata guda: kowane kwana uku zuwa biyar hanya takan kusanci wani gari, a sauka a yi cefane, ko a karɓi kwalin da mutum ya aika wa kansa ta gidan waya.

Yanzu abin ya zama kasuwa, kuma nan nake da ja. Akwai wani yadi da ake kira Dyneema, wanda asalinsa an yi shi ne don ƙyallen da iska ke tura jiragen ruwan tsere da shi. Wani tantin da aka ɗinka da shi bai fi rabin kilo ba, kuɗinsa kuwa ɗaruruwan daloli. Yadi ne mai kyau, ba na musu. Amma mai kuɗi yana iya sayen jaka irin ta gwani sak cikin yini ɗaya, ya shiga daji bai taɓa kafa tamfol cikin iska ba. Ba a fafe gora ranar tafiya. Masu hankali sukan fita kwana biyu ko uku kusa da gida, da gangan a lokacin ruwa, su dawo su raba kayan kashi biyu, wanda aka taɓa da wanda ba a taɓa ba, su sake fita. Akwai 'yan abubuwan da ba a taɓawa amma ba a bari, kamar maganin rauni da abin kunna wuta da taswira. Andrew Skurka, wanda ya zagaya Alaska da Yukon a 2010, tafiyar fiye da kilomita 7,000, ya sha faɗakarwa a kan ragin da ya zama wauta, kuma da kansa yake ba da misalin lokutan da ya bar abin da ya kamata ya ɗauka don kawai sikeli ya nuna ƙaramar lamba.

Shi ya sa jakar gwani ba ta tsayawa a nauyi ɗaya. A Pacific Crest Trail, in an iso Kennedy Meadows, bayan kamar kilomita 1,100, hamada ta ƙare, tsaunukan Sierra Nevada sun fara, inda hanya ke hawa har mita 4,000 a mashigar Forester. A nan kowa ke karɓar kwalinsa: ɗan gatarin ƙanƙara, da sarƙar ƙusoshi da ake ɗaura wa takalmi, da wani bokitin roba mai tauri, kusan kilo ɗaya, wanda doka ta wajabta a kulle abinci a ciki saboda dabbar beyar. Ana gama tsaunukan a mayar da su gidan waya, a karɓi gidan sauro. A Appalachian Trail ma, wanda ya aika da kayan sanyinsa gida a jihar Bajiniya yakan sa a turo masa su kafin ya shiga tsaunukan New Hampshire, ko da a watan Agusta ne, don a kan Dutsen Washington aka taɓa auna iska mai gudun kilomita 372 a awa a 1934, kuma sanyi ya kashe mutane a can a tsakiyar lokacin zafi.

Gab da ƙarshe, a Maine, akwai wani daji mai tsawon kilomita 160 da babu gari a cikinsa. A bakinsa an kafa allo ana gargaɗin kada a shiga sai da guzurin kwana 10. Mai kaya da yawa gargaɗin nasa ne: nauyi zai rage masa sauri, rashin sauri ya ƙara masa kwanaki, kowane kwana kuma ƙarin kusan kilo ɗaya ne na abinci a kan abin da ya riga ya danne shi. Wanda ya shafe wata biyar yana auna kansa ya san kilomita nawa ƙafarsa ke ci a yini a irin wannan ƙasa mai saiwoyi da taɓo, ya san rafukan da ake tsallakawa suna iya cika su tsare mutum. Sai ya ɗauki na kwana shida, ya ƙara na yini guda saboda rafukan, ya shiga, yana sauri ya riski Katahdin kafin tsakiyar Oktoba, lokacin da sanyi ke sa a fara rufe hanyar hawansa.